Aikin awa uku cikin minti ashirin: yadda ƙirƙirarriyar basira ta shiga tsakanin iyaye 'yan Koriya da 'ya'yansu a Amurka

Idan ɗalibi ya gama aikin gida na awa uku cikin minti ashirin da taimakon ChatGPT, malami ya duba ya ba shi maki mai kyau, ya yi karatu ko bai yi ba? Idan kuma uwarsa ba ta jin Turancin da aka rubuta aikin da shi sosai, ta yaya za ta gane?

Tambayar ta shafi kowane gida mai ɗan makaranta da waya, amma a gidajen 'yan Koriya ta Kudu da suka koma Amurka da zama tana da nauyi na daban. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce manya na tsoron sabon abu, yara kuma na rungumarsa. Wannan amsa ba ta zauna a nan ba. Iyayen daga ƙasar Samsung da LG suka fito, ƙasar da kamfanin SK Hynix ke ƙera ƙwaƙwalwar ajiyar da manyan injinan ƙirƙirarriyar basira ke aiki da ita. Da yawansu ba sa wuni ba su taɓa manhajar fassara a wurin sana'a ba. Abin da ake ja a kansa shi ne wahalar karatu, da kuma wanda ke riƙe da sani a cikin gida.

Su wane ne waɗannan iyalai?

A ranar 13 ga Janairun 1903 wani jirgin ruwa mai suna Gaelic ya sauke 'yan Koriya 102 a Honolulu, domin aikin gonakin rake na Hawai. Su ne ayarin farko. Cincirindon ya zo ne bayan 1965, lokacin da Amurka ta sauya dokarta ta shige da fice, ta soke tsarin da ya fifita mutanen Turai. Yau masu asalin Koriya a Amurka sun kai kusan miliyan 2. Unguwar Koreatown ta Los Angeles ce ta fi suna, sai Flushing a New York, Annandale a jihar Virginia, Duluth kusa da Atlanta, da wani ɗan ƙaramin gari a New Jersey mai suna Palisades Park, inda fiye da rabin mazauna 'yan asalin Koriya ne.

Suna da sunayen da suke rarrabe kansu da su. Wanda ya zo da girmansa shi ne ilse, tsara ta farko. Haifaffen Amurka shi ne ise, tsara ta biyu. A tsakaninsu akwai ilchom-ose, wato "tsara ta ɗaya da rabi", wanda aka zo da shi yana yaro, ƙafa ɗaya can ƙafa ɗaya nan. Akwai kuma mazan da ake yi wa laƙabi da gireogi appa, "uba dinya": ya tsaya Koriya yana aiki yana aiko da kuɗi, matarsa ta tafi da yara waje don karatu, shi kuwa sai ya leƙo su sau ɗaya ko biyu a shekara kamar tsuntsu mai ƙaura. Iyalin da ya yarda ya rabu gida biyu saboda makaranta, ka san ba ya wasa da makin yaro.

Ba dukansu ne masu shaguna ba. Akwai likitoci, injiniyoyi da ma'aikatan manyan kamfanoni. Amma da yawa daga tsara ta farko sun zo da digirinsu, Turanci ya tare musu hanya, suka ƙare a shagon wanki da guga, kanti, gidan abinci ko wurin gyaran farce.

Wace basira ake nufi?

Abu uku ne ke yawo a gida ɗaya da suna ɗaya. Na farko manhajojin fassara ne, irin su Google Translate da Papago, wadda kamfanin Naver na Koriya ya fitar a 2016. Na biyu manhajojin hira da rubutu, irin su ChatGPT da ya fito ranar 30 ga Nuwamban 2022, da Gemini, da Claude. An ɗura musu rubutu mai tarin yawa har suka iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa suke rubuta maƙala mai santsi, shi ya sa kuma sukan shirga ƙarya da irin muryar da suke faɗin gaskiya. Na uku manhajojin da aka shirya su zama abokan hira, irin su Character.AI, inda matashi ke fira da wani ƙagaggen mutum kamar aboki ko masoyi.

Iyaye sun fi sanin na farko, suna fargabar na biyu, na uku kuwa galibi ba su ma san yana cikin wayar ba.

Kayan da iyayen suka taho da shi

Dattijon Koriya ba a ChatGPT ya fara jin labarin wannan basira ba. A watan Maris na 2016, a wani otel a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da Lee Sedol a wasan baduk, wani wasan allo da duwatsu farare da baƙaƙe da ya ɗan yi kama da dara a ido, amma ya fi ta zurfi nesa ba kusa ba. An yi wasa biyar, na'ura ta ci huɗu. Ƙasar ta kalli abin kai tsaye a talabijin, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta sanar da zuba won tiriliyan 1 (won shi ne kuɗin Koriya) a wannan fanni. A 2019 Lee ya ajiye wasan, yana cewa ko ya zama na ɗaya a duniya, akwai abin da ba za a iya kayarwa ba. Darasin da iyaye suka ɗauka kashi biyu ne masu karo da juna: dole ɗana ya iya wannan abu kada a bar shi a baya, kuma wannan abu na iya mayar da ƙwarewar shekara talatin ba komai ba.

Sai tsarin karatun da ya rene su. Jarrabawar shiga jami'a ta Koriya, suneung, ana yin ta rana ɗaya tak a watan Nuwamba. Ka ɗauki JAMB ka ninka fargabarta sau goma. A ranar ana jinkirta buɗe ofisoshi da kasuwar hannun jari, 'yan sanda na kai ɗaliban da suka makara a kan babur, kuma ana dakatar da tashi da saukar jirage na wajen minti 35 don kada ƙara ta hana ɗalibai jin sashen sauraron Turanci. Bayan an tashi makaranta yara na wucewa hagwon, wato makarantun ƙarin darasi na kuɗi, har sai da hukumomin Seoul suka sa dokar a rufe su da ƙarfe 10 na dare. A 2024 iyaye a Koriya sun kashe won tiriliyan 29.2 a kan irin wannan ƙarin karatu, duk da cewa yawan yara raguwa yake yi. Kuma hagwon ta bi su har Amurka. Ana ganin allunanta da rubutun Koriya a Flushing da Koreatown, tana shirya yara wa jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka.

Karin maganarsu guda biyu sun taƙaita komai. Ɗaya ta ce da ɗuwawu ake karatu, wato wanda ya fi daɗewa a kan kujera shi ke ci. Ɗayar ita ce sadang-orak: ka yi barcin awa huɗu ka ci, ka yi na biyar ka faɗi. Wanda ya tashi da wannan ma'auni, idan ya ga aiki ya fito tsaf babu gumi, zuciyarsa ba za ta kwanta ba ko da makin ya yi kyau.

Yarinyar da ta kasance tafintan gida

Mu kwatanta da wata uwa mai shagon wanki da guga a New Jersey. Wasiƙa ta iso daga kamfanin inshorar lafiya, shafi uku, ƙananan rubutu. A da takan liƙa ta a jikin firiji har 'yarta mai shekara 14 ta dawo daga makaranta. Yarinyar ta ajiye jaka, ta karanta, ta buga lambar da ke ƙasa, ta jira a layi, ta ƙaƙalo muryar manya ta yi magana, sannan ta juyo wajen uwar, wadda take kira Omma da yarensu, ta ce, "Omma, sun ce ba za su biya ba." Kafin ta gama sakandare ta san bashin gidan, ta san ciwon mahaifiyarta, ta taɓa fassara wa iyayenta abin da malaminta ke faɗa a kanta ita kanta a taron iyaye da malamai. Wanda ya taɓa raka tsohuwarsa asibiti inda likita ba ya jin Hausa ya san ɗanɗanon wannan aiki.

Yanzu uwar na ɗaukar hoton wasiƙar a shago, ta karanta ta da yaren Koriya, ta sa manhaja ta tsara mata amsa da Turanci mai ladabi. An sauke wa yarinya kaya, an kuma mayar wa uwa wani abu na girmanta, domin a al'adar da biyayya ga iyaye ke da suna na musamman, hyo, ba ƙaramin abu ba ne babba ya riƙa jiran yaro ya karanta masa sirrinsa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Manhaja na iya juya ma'anar jimla ɗaya a takardar haya ko ta shige da fice, kuma ba za ta nuna alamar shakka ba. Hoton da aka ɗora na iya ƙunsar lambar shaidar uwar da bayanan lafiyarta. Ƙarshenta wayar na komawa hannun yarinyar: "Duba mini ko daidai ne." Ta tashi daga tafinta ta koma mai duba aikin tafinta.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Ranar da uwar ta leƙa ɗaki ta ga ChatGPT a buɗe kusa da littafin tarihi ta ce a rufe, amsar na nan a shirye: "Omma, ke ma fa da shi kike rubuta wasiƙunki." Uwar za ta ce nata neman abinci ne, na 'yarta kuwa gina kai ne, kuma tana da gaskiya. Amma hanin ya riga ya rasa rabin ƙarfinsa.

Abin da ba a gani daga bakin ƙofa

Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa matasan Amurka masu amfani da ChatGPT a aikin makaranta sun tashi daga kashi 13 cikin 100 a 2023 zuwa kashi 26 a 2024. Wani binciken ƙungiyar Common Sense Media na 2024 ya nuna matasa bakwai cikin goma sun taɓa amfani da irin waɗannan manhajoji, amma a cikin iyayen yaran da suka yi amfani da su, kashi 37 cikin 100 ne kawai suka sani. Wannan alƙaluman ƙasa baki ɗaya ne. Ka ƙara shingen harshe a kai.

Makarantun ma ba su taimaka wa iyaye da amsa ɗaya ba. Hukumar makarantun Los Angeles ta toshe ChatGPT a Disamban 2022. Ta New York ta toshe shi a Janairun 2023, ta buɗe a watan Mayu na shekarar. Daga nan abin ya koma hannun malamai, wannan aji an yarda, wancan an hana. Don haka idan yaro ya ce "malam ya yarda", yana iya zama gaskiya tsantsa, yana iya zama rabinta.

Uwar da ba ta iya auna maƙalar Turanci tana da nata ma'aunin: hasken fitila a ƙarƙashin ƙofa, littafin da ya cika da rubutun hannu, awannin da aka zauna. Duka waɗannan na'urar ta rushe su. Yaron da ya ce wa manhaja "bayyana mini inda na kuskure a wannan lissafi" da wanda ya ce "rubuta mini amsar", daga bakin ƙofa kamanninsu ɗaya: kai a sunkuye, yatsu a kan kwamfuta.

A ganina kowane ɓangare na da rabin gaskiya mai nauyi. Iyayen sun yi daidai da suka ce a cikin wahalar nan ilimin yake shiga, domin wanda bai taɓa fama da shafi fari ba bai koyi tsara tunani ba. Inda suka kauce shi ne ɗaukar yawan awanni a matsayin ilimin kansa. Yaran kuma suna da hujjar da ba kasafai suke iya furtawa a gaban iyaye ba, don tana da ciwo. Ɗan ajinsu wanda iyayensa haifaffun Amurka ne yana da uwa mai gyara masa maƙala, da uba da ya san yadda ake cike takardar neman tallafin karatu. Shi kuwa da ƙarfe 11 na dare ba shi da wanda zai tambaya sai manhaja. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a tsarin makarantun baƙuwar ƙasa sau da yawa yaron ne ke kan rimin, shi kaɗai.

Zargin wanda bai yi ba

Ana wata ga wata. Malamai sun koma amfani da manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada guda bakwai daga cikinsu a kan maƙaloli 91 da waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL ta gwajin iya Turanci. Fiye da rabin maƙalolin manhajojin suka yanke wa hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta, alhali rubutun yaran Amurka kusan duka ya tsallake. Dalili shi ne mai koyon harshe yana amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙin hasashe, kuma wannan ce alamar da manhajojin ke nema. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, shi ma ya janye tasa manhajar ganowar a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta.

Wannan ya fi cizon ɗan "tsara ta ɗaya da rabi" da bai daɗe da zuwa ba. Ya zauna ya yi rubutunsa da kansa, an kira shi ofis. Iyayen da aka rena a kan cewa malami ba ya kuskure, waɗanda kuma ba su da Turancin jayayya, suna iya sunkuyar da kai su ba da haƙuri kan laifin da ba a yi ba.

Maƙalar neman jami'a ta ƙara dagula lissafin. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da aka kai Jami'ar Harvard bisa zargin tauye 'yan asalin Asiya. Amma kotun ta bar ƙofa ɗaya: ɗalibi na iya rubuta yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Nauyi ya ƙaru a kan maƙala mai kalmomi 650, kuma tsarin Common App, da ɗalibai ke neman jami'o'i ta cikinsa, ya sa miƙa rubutun na'ura da sunan naka cikin jerin maguɗi. Labarin firiji da wasiƙar inshora shi ne irin abin da yarinyar nan za ta rubuta, kuma manhaja ba ta san shi ba sai an gaya mata.

Saƙo zuwa ga kaka

Yaren Koriya na da matakan ladabi a cikin nahawunsa. Akwai jondaenmal na girmamawa, akwai banmal na tsara da ƙanana. Ya wuce bambancin "kai" da "ku" a Hausa, domin ƙarshen kowace aikatau na sauyawa. Yaran da aka haifa a Amurka sukan ji yaren, su yi magana sama-sama, amma su yi tuntuɓe a nan, duk da makarantun Asabar da majami'un 'yan Koriya ke shiryawa don koyar da hangul, wato rubutun Koriya. Da yawa kunya kan sa su daina gwadawa.

Yanzu jika na iya rubuta gaisuwa da Turanci, manhaja ta mayar da ita jondaenmal mara aibu, ya aika wa halmeoni, wato kakarsa, ta KakaoTalk, manhajar aika saƙo ta Koriya. Tsohuwa ta yi murna. Ranar da ta kira ta bidiyo kuwa sai inda-inda. Wasu iyayen na ganin gara saƙon aro da shiru. Wasu na ganin an kashe dalilin ƙarshe da zai sa yaron ya koya. Akwai kuma matasan da suka mayar da manhajar malamin da ba ya dariya idan an yi kuskure, kuma tashen waƙoƙi da finafinan Koriya ya ba su kwaɗayin da makarantar Asabar ta kasa ba su.

Labaran gida da ke shigowa ta waya

Tsara ta farko na bin labaran Koriya da yarensu, don haka tsoronsu can aka ƙera shi. Sun ji labarin Iruda, manhajar hira mai siffar ɗaliba 'yar shekara 20 da aka fitar a Disamban 2020, aka dakatar cikin makonni uku saboda kalaman ƙiyayya da kuma gano cewa da hirarrakin masoya na KakaoTalk aka horar da ita. Sun ga abin da ya faru a Agustan 2024, lokacin da aka bankaɗo zaurukan Telegram da ake haɗa hotunan batsa na jabu da fuskokin ɗalibai mata da malamai, kuma mafi yawan waɗanda aka kama matasa ne. A Satumban shekarar majalisa ta mayar da ko kallon irin hotunan laifi mai ɗaurin da ya kai shekara uku. Sun kuma ga yadda iyaye fiye da 50,000 suka sa hannu a takardar ƙin littattafan karatu masu ƙirƙirarriyar basira, aka fara amfani da su a Maris na 2025, majalisa ta sauke su daga matsayin littattafan hukuma a Agusta.

Sun saba da gwamnati mai shiga tsakani. Daga 2011 zuwa 2021 Koriya na da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. A Amurka an bar wa gida wannan aikin.

Abin da ya fi kuɓuce musu shi ne hirar dare. Common Sense Media ta ce a 2025 kashi 72 cikin 100 na matasan Amurka sun taɓa gwada manhajar abokin hira. A gidan da zancen damuwar zuciya ke da nauyin faɗa, inda ake tsammanin yaro ya karanci yanayi da kansa, abin da suke kira nunchi, kuma kalmomin da yaron ke da su na bayyana ciwonsa na Turanci ne, na uwar kuma na Koriya, ba abin mamaki ba ne ya buɗe cikinsa ga abin da ba zai ce masa ya tuna wahalar da aka sha dominsa ba.

Me zai biyo baya?

A ɓangaren aljihu, dala 20 a wata na ChatGPT na kuɗi ba ta kusa da kuɗin hagwon ba, kuma iyali mai ƙaramin ƙarfi zai ga sauƙi a nan. Amma hagwon ba darasi kaɗai take sayarwa ba. Tana sayar da kujera, da babba mai sa ido, da tabbacin cewa yaro na zaune. Wannan manhaja ba ta da shi.

Shawarar sana'a ma ta girgiza. Likita, lauya, injiniya, daga baya ilimin kwamfuta: wannan ne jerin da iyaye suka riƙe a matsayin ladan ƙaurarsu. Yanzu yaro na dawowa da labarin cewa na'ura na rubuta manhaja tana kuma duba takardun shari'a, uban da ya kalli Lee Sedol a 2016 kuma ba shi da bakin ƙaryata shi. Ga kuma damfara ta kwaikwayon murya, wadda hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta tun Maris na 2023, inda ake kiran tsoho da muryar jikansa ana kukan neman kuɗi.

Kamfanonin sun fara motsi bayan ƙararrakin da wasu iyaye suka shigar kan mutuwar 'ya'yansu. Character.AI ya rufe wa 'yan ƙasa da shekara 18 hirar da ba ta da iyaka a Nuwamban 2025. OpenAI ya fito da tsarin sa idon iyaye a Satumban shekarar, inda uwa ko uba ke haɗa asusunsa da na yaro, ya sa lokutan da ba a amfani da manhajar, ya kashe wasu sassa. Tsarin ba ya nuna wa iyaye abin da aka tattauna, kuma ba ya aiki sai yaron ya amince da gayyatar. A gidan mai shagon wanki da guga, wadda za ta amince da gayyatar ita ce ta saita wa uwar wayarta tun ranar da aka sayo ta.